Neman Bekkariya a Titunan Milan

Kwanana biyu a Milan, muna shan shayin safe a ɗan falon da Mubarak yake haya, sai tsohuwar da ke da gidan ta leƙo don ta gaishe ni. Mubarak ne tafinta. Ta tambayi abin da nake so in gani a garinsu, tana jiran in ce babban cocin Duomo ko filin ƙwallon San Siro kamar kowane baƙo. Na ce a gaya mata wurin Bekkariya nake so a kai ni. Sai na ga ta dafe ƙirji, ta rage murya ta yi wa Mubarak wata tambaya. Shi kuwa ya fashe da dariya har shayi ya kusa sarƙe shi.

"Kawu, wai tambaya take wa aka kama mana. A garin nan idan aka ce an kai wane Bekkariya, gidan yarin yara ake nufi. Sunansa aka sa wa wurin."

Na yi dariya ni ma, amma ba ta kai ciki ba. Mubarak ya ƙara da cewa a watan Afrilun shekarar, wato 2024, an kama gandirobobi 13 na wannan gida bisa zargin dukan yaran da azabtar da su, shi ya sa sunan yake bakin kowa. Mutumin da duniya ta san shi da yaƙi da azabtar da wanda ake tuhuma, ga inda sunansa ya sauka a garin haihuwarsa.

Abin da ya kai ni Italiya bikin kammala digiri na biyu na Mubarak ne, ɗan ƙanwata, wanda ya karanta injiniyanci a jami'ar Politecnico ta Milan. Mahaifinsa ya rasu, uwarsa kuma ta ce ita da jirgin sama sai dai na Makka, don haka ni aka wakilta. Daga Kano muka bi ta Adis Ababa muka sauka Malpensa, filin jirgin saman Milan, da sanyin safiya, a watan Oktoba. An yi biki lafiya, an ɗora masa rawanin ganye a ka kamar yadda suke yi wa duk wanda ya gama jami'a, mun yi hotuna an tura gida. Wannan ba shi zan ba da labari ba. Ni na yi shekara 28 ina aikin rajistara a kotu kafin in yi ritaya, kuma tun a wani kwas da aka tura mu muna samari wani malami ya ambaci Cesare Beccaria, masanin shari'a ɗan Milan, wanda su masu harshen suke furtawa Bekkariya, ya ce rabin abin da ke cikin dokar da muke aiki da ita daga ɗan littafinsa ya samo tushe. Sunan ya zauna mini. Da na ga Allah ya kawo ni garinsa, na ce gani ya kori ji.

Daga Duomo zuwa dandalin da ke ɗauke da sunansa bai fi tafiyar minti biyar ba. Ka bar cinkoson masu ɗaukar hoto da tattabaru, ka ratsa bayan cocin, sai ga ka a wani ɗan fili marar hayaniya. Mutum-mutuminsa yana tsakiya a tsaye, mutum mai jiki cikin doguwar riga. Wanda ke wurin na tagulla ne. Na asali, na farin dutse, wanda Giuseppe Grandi ya sassaƙa a 1871, an ɗauke shi an kai babban ginin kotunan birnin. Abin da ya fi jan hankalina ginin da ke kallon dandalin ne, tsohuwar fadar shugaban shari'a ta Milan, wadda a da take da kurkuku a cikinta. Yau 'yan sandan birni ne a ciki, ga motocinsu a jere a ƙofa. Masu garin suna cewa a daidai inda aka kafa mutum-mutumin nan gidan hauni yake a da. Mun tarar da wani mai kai abinci a keke ya jingina da gindinsa yana latsa waya, bai ko ɗaga kai ba.

Daga nan muka taka zuwa titin Brera, gida mai lamba 6. Akwai allon dutse a bango da ke cewa a nan aka haife shi a 1738, a nan kuma ya mutu ranar 28 ga Nuwamba 1794. Gidan manya ne, babu ko tantama. Ɗan sarauta ne, ya yi karatu a wajen fada-fada a Parma, ya karɓi digirin lauya a Pavia a 1758, ya auri Teresa Blasco ba da son mahaifinsa ba har aka yi ta rigima. Duk wanda ya rubuta tarihinsa ya yarda mutum ne mai jin kunya da nauyin jiki, wanda sai an tura shi yake motsi. Masu turawar kuwa 'yan'uwa biyu ne, Pietro da Alessandro Verri. Su ne suka tara samarin manyan gidaje suna haɗuwa da dare suna karanta littattafan Faransa da Ingila suna musu, har mutanen gari suka ce ai dambe suke yi a ciki, su kuma suka karɓi tsokanar suka sa wa majalisarsu suna Makarantar Naushi. Alessandro yana da muƙamin mai kula da haƙƙin fursunoni, yana shiga kurkuku yana ganin abin da ake yi, shi yake kawo musu labari. Pietro ne ya ce wa Bekkariya ya zauna ya rubuta. A 1764 littafin ya fito da sunan Dei delitti e delle pene, ma'ana a kan laifuka da hukunce-hukunce, shafi ɗari da 'yan kai, babu sunan marubuci, kuma ba a Milan aka buga shi ba, a Livorno, don tsoro. Marubucin yana da shekara 26.

Mun shiga wani shagon gahawa kusa da nan muka sha a tsaye, yadda suke yi, ɗan kofi kamar murfin kwalba, ɗaci kamar maɗaci. Mubarak ya ce ai mujallar da samarin nan suka riƙa fitarwa daga 1764 zuwa 1766 ma sunanta Gahawa. Na ce to, mu ma a majalisar mai shayi ake warware duniya, sai dai mu ba ma rubutawa.

Zamanin da suka taso shi ne wanda Turawa suke kira zamanin haske, lokacin da masana suka fara cewa kowace al'ada da kowace doka sai ta zo gaban hankali ta kare kanta. Bekkariya ya ɗauki wannan ma'auni ya ɗora a kan hukunci. Ya ce mutane sun sallama wani ɗan yanki na 'yancinsu ne ga hukuma don su zauna lafiya da sauran, saboda haka duk horon da ya wuce abin da zaman lafiyar ke buƙata zalunci ne. Ya ce a auna laifi da irin cutar da ya yi wa jama'a, hukunci kuma ya yi daidai da shi, don idan wanda ya kashe tsuntsun dawa da wanda ya kashe mutum duk kisa ne hukuncinsu, mutane za su daina ganin bambancin laifin biyu. A rubuta doka da harshen da talaka yake ji. Ɗan sarki da ɗan talaka su sha horo iri ɗaya. Sai maganar da kowane ɗalibin lauya ya haddace: ba tsananin hukunci ne ke hana laifi ba, tabbacinsa ne da saurinsa. Ɓarawon da ya san lallai za a kama shi a yanke masa wata shida cikin mako biyu ya fi jin tsoro a kan wanda ake yi wa barazanar rataya alhali ya san goma suna yi ɗaya ake kamawa.

Duk wannan na san shi tun kafin in zo. Abin da ban sani ba sai washegari.

Da ruwa muka tashi, irin yayyafin nan da ba ya tsayawa. Wata abokiyar karatun Mubarak, 'yar garin, ta ce masa idan kawunsa yana son ya gane abin da su Verri suke faɗa da shi, ya kai ni unguwar Ticinese. Muka hau taragon lantarki mai lamba 3, muka sauka kusa da ginshiƙai 16 na zamanin Rumawa da ke gaban cocin San Lorenzo. 'Yan taku kaɗan daga nan akwai kwanar wani ɗan titi mai suna Gian Giacomo Mora. Da ba a nuna mini ba da na wuce. A cikin lungun wani gini na zamani an sa ɗan aikin tagulla da allon rubutu tun 2005, gefe shagunan tufafi, ga matasa suna wucewa da lema. A nan shagon wani wanzami yake a 1630.

A shekarar annoba ta shiga Milan, lokacin garin yana hannun Sifaniya, ta kashe kusan rabin mutanensa. Ba a san ƙumar ɓera ce ke yaɗa ta ba. Sai magana ta bazu cewa wasu miyagu ne suke bin dare suna shafa wani mai a bango da ƙofofi don su kashe jama'a. Da safiyar 21 ga Yuni, ana ruwa kamar ranar da muka je, wata mata mai suna Caterina Rosa ta leƙo ta taga ta hango wani mutum cikin baƙar alkyabba yana tafiya yana raɓe da bango, da takarda a hannunsa, ta ga kamar yana goga hannu a jikin ginin. Mutumin Guglielmo Piazza ne, ma'aikacin lafiya na unguwa, rubutu yake yi yana fakewa daga ruwa. Kafin azahar unguwa ta ɗauka, ana ƙona bango da wutar kara. Aka kama shi.

Yadda ake tambaya a lokacin shi ne a ɗaure wa mutum hannu ta baya, a zarga igiya, a ja shi sama ta kan ƙarfe har kafaɗunsa su goce. An yi wa Piazza haka ya ce bai san komai ba. Aka sake, ya sake musawa. Sai aka canza dabara, aka ce za a yafe masa idan ya faɗi wanda ya ba shi man. Mutumin da kafaɗunsa suka fita daga gurbinsu, aka nuna masa ƙofa, me ake so ya yi? Ya tuna akwai wanzami a kwanar titi, Mora, wanda yake haɗa wani mai na kariya daga annoba yana sayarwa, kuma ya taɓa yi masa alkawarin kwalba ɗaya. Ya ambaci sunansa. Wanzaman Turai na wancan zamani kamar namu suke, bayan aski suna ƙaho da magani da cire haƙori, don haka da aka shiga gidansa ba a rasa tukwane da kwalabe ba. A tsakar gida aka ga wata tukunya da ruwan toka na wanki ya kwana a ciki ya yi kauri. Aka ce ga shaida.

Aka ɗaga Mora shi ma. Ya amsa. Da aka sauke shi ya dawo hayyacinsa ya ce ƙarya ya yi, azaba ce ta sa shi. Aka mayar da shi kan igiya, ya sake amsawa. Kuma da yake ba a yarda cewa mutum biyu kaɗai za su iya wannan aiki ba, sai aka matsa su kawo sunaye, suka yi ta kawowa, kowane suna ya haifi wani. Har suka ambaci wani babban hafsa ɗan Sifaniya, Padilla, ɗan kwamandan ganuwar birnin, ƙila suna tunanin idan aka taɓo babba za a sassauta. Shi an tsare shi, ya samu masu kare shi, daga baya aka wanke shi tas. Su kuwa ranar 1 ga Agusta 1630 aka ɗora su a keken shanu aka zaga da su ana tsinkar namansu da ƙarfen da aka gasa a wuta, aka tsaya a ƙofar shagon Mora aka sare musu hannun dama, aka kai su filin Vetra aka kakkarya ƙasusuwansu aka saƙa su a ƙafar keke aka ɗaga sama awa shida, sannan aka yanka su, aka ƙona, aka zuba tokar a ruwa. Gidan Mora aka rushe shi, aka hana sake gini a wurin, aka kafa ginshiƙin dutse da aka kira ginshiƙin abin kunya.

Mun taka zuwa filin Vetra ɗin, bayan cocin. Yanzu lambu ne, ciyawa shar, wata mata tana yawo da kare cikin rigar ruwa, karen ma da tasa rigar. Na tsaya a ƙarƙashin lemar Mubarak ina tuna lokutan da jita-jitar satar mazakuta take tashi a garuruwanmu, wani ya yi ihu a tasha ya nuna baƙon da suka gaisa, kafin a ce kwabo an tara masa jama'a da duwatsu. Bambancin kawai, a Milan ba 'yan tasha ne suka yi ba. Manyan alƙalai ne, masu karatu, a zaune, da magatakarda a gefe yana rubutawa.

Wannan magatakardan shi ya hana ni barci a daren. An san labarin Mora dalla-dalla ne saboda an kwafi wani sashe na takardun shari'ar don masu kare Padilla, kwafin ya tsira. A ciki an rubuta tambaya, an rubuta amsa, an rubuta har ihun da mutum yake yi a sama yana kiran Allah da waliyyansu, an rubuta lokacin da ya ce a sauke shi zai faɗi abin da ake so. Wani ne ya tsoma alƙalami a tawada ya rubuta wannan da kyakkyawan hannu, ya tashi ya tafi gida ya ci tuwon dare. Aikina ke nan na shekara 28. A gabana ba a taɓa ɗaga kowa da igiya ba, Allah ya kiyaye. Amma sau nawa aka miƙo takardar amsa laifi, an rubuta da Turanci, a ƙasa an dangwala babban yatsan wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba, ya ɗaga hannu ya ce ranka ya daɗe dukana aka yi? Sai a tsaya a yi abin da muke kira shari'a cikin shari'a, a kira wanda ya ɗauki bayanin ya rantse cewa cikin lalama aka yi, har ruwan sanyi ya ba shi. Ni kuma in karɓi takardar in buga mata hatimi in sa mata lamba. Akwai wani yaro da ba na mantawa, ɗan shekara kamar 19, an zarge shi da fashin babur. Da aka shigo da shi ba ya iya taka ƙasa sosai, ƙafafunsa sun kumbura kamar an hura, yana kwatanta yadda aka rataye shi, hannu ta baya. Kwatancen da ya yi da wanda na ji a Ticinese ba su da maraba. Na ba Mubarak labarinsa a taragon dawowa, bai ce komai ba.

Takardun shari'ar Mora ɗin nan su Pietro Verri ya samu ya rubuta nasa littafin a kan azabtarwa wajen 1777, amma bai buga shi ba har ya mutu, sai a 1804 ya fito. Dalili a gida yake: mahaifinsa Gabriele Verri babba ne a majalisar alƙalan Milan, kuma da sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, wadda Milan take ƙarƙashinta a lokacin, ta soke azabtarwa a ƙasashenta a 1776 ta nemi ra'ayinsu, majalisar ta ce a'a, kuma shi uban ne ya rubuta amsar. Sai a 1784 ɗanta Joseph na biyu ya soke ta da ƙarfin mulki. Ginshiƙin kuwa an kawar da shi a 1778, ba tare da wani ya fito ya ce an yi kuskure ba. Daga baya jikan Bekkariya ta wajen 'yarsa Giulia, marubuci Alessandro Manzoni, ya sake tono shari'ar, ya ce kada a laɓe bayan jahilcin zamani, alƙalan sun san abin da suke yi, ko da dokar lokacinsu aka auna su sun karya ta. A nan ina bayan jikan.

Shi Bekkariya babin da ya yi a kan azabtarwa gajere ne, amma babu inda za ka sa allura. Ya ce laifin ko dai ya tabbata ko bai tabbata ba. In ya tabbata, a yi hukuncin da doka ta ce, amsawar mai laifi ba ta da amfani. In bai tabbata ba, to mutumin da ba shi da laifi kake azabtarwa. Ya ce hanya ce ta sakin mugu mai ƙarfi da kama salihi rarrauna. Da yake mai son lissafi ne, har ya yi ba'a ya ce a ba masanin lissafi ƙarfin jijiyar mutum da taushin fatarsa, zai fitar maka da adadin zafin da zai sa shi amsa kowane laifi. A kan tsare mutum kafin shari'a kuma ya ce horo ne da ake yi kafin a san ko akwai laifi, don haka ya zama gajere iyakar iyawa, kuma wanda ya riga shiga shi za a fara saurara. Na karanta wannan ina tuna cewa a gidajen yarinmu wajen kashi biyu cikin uku na mutanen ciki jiran shari'a suke yi. Dokoki kam muna da su: ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, ta hana azabtarwa ta 2017, har sunan gidan yari an mayar da shi gidan gyaran hali a 2019.

Kada a ce na je Turai na dawo ina yi wa Bature kirari. Malamanmu tun ƙarnuka kafin a haifi kakan Bekkariya suke karantar da cewa ana tunkuɗe haddi da shubuha, kuma shugaba ya yi kuskure wajen afuwa ya fi ya yi kuskure wajen uƙuba. Akwai kuma inda ni da shi muka raba hanya. Shi bai yarda wanda aka cuta ya yafe a saki mai laifi ba, ya ce yafiyar mutum ɗaya ba ta goge haƙƙin jama'a na ganin an yi horo. Ni kuwa na ga shari'o'in da sulhu ya kashe wutar da hukunci zai ƙara rura ta, na ga dangin mamaci sun karɓi diyya ko sun ce sun bar wa Allah, gidaje biyu suka ci gaba da gaisawa. Lissafinsa bai da gurbin wannan. Batun hukuncin kisa ma, wanda aka fi saninsa da shi, mutane suna ɗauka tausayi ne zalla. Abin da ya kawo a madadinsa bautar rai da rai ce, cikin sarƙa da aikin wahala, kuma hujjarsa ita ce ganin mutum yana wahala shekara da shekaru ya fi tsoratar da jama'a a kan kisan minti ɗaya. Da na faɗa wa Mubarak haka ya ce, "Kawu, wannan ai injiniya ne, ba mai tausayi ba." Ban ƙaryata shi ba. Masanin Jamus Immanuel Kant ma ya yi masa raddi ta ɗaya gefen, ya ce wanda ya kashe a kashe shi don ya cancanta, ba don a tsorata wasu ba.

Ko ma dai yaya, littafin ya yi tafiyar da marubucinsa bai iya yi ba. Cocin Katolika ta sa shi cikin haramtattun littattafai a 1766. A shekarar aka karanta shi da Faransanci ko'ina, shahararren marubucin Faransa Voltaire ya rubuta masa sharhi, shi da bai daɗe da gama fafutukar wanke Jean Calas ba, wanda aka karya a kan ƙafar keke a Toulouse a 1762 bisa zargin kashe ɗansa. Masanan Paris suka gayyace shi, ya je tare da Alessandro Verri, aka yi ta ɗaga shi, shi kuwa kewar matarsa ta hana shi sukuni, bayan 'yan makonni ya tattara ya gudo gida, abin da ya ɓata tsakaninsa da su Verri ke nan. Sarauniya Catherine ta Rasha ta kwashi sassa da yawa ta zuba cikin umarnin gyaran dokarta na 1767. Ranar 30 ga Nuwamba 1786 Leopold mai mulkin yankin Tuscany na Italiya ya soke hukuncin kisa da azabtarwa gaba ɗaya. Ita Italiya baki ɗaya sai a 1889 ta soke hukuncin kisa, shugaban mulkin kama-karya Mussolini ya dawo da shi, aka yi na ƙarshe a Maris 1947. Shi kuwa mai littafin ya ƙare rayuwarsa yana koyar da tattalin arziki da aikin ofis a gwamnatin Milan, bai sake rubuta wani abu mai wannan nauyi ba.

Ana gobe zan taso muka je Castello Sforzesco, tsohuwar ganuwar da mahaifin Padilla ya taɓa riƙewa, don a nan aka ajiye allon dutsen da ke kusa da ginshiƙin abin kunya. Yana jikin bango a ƙarƙashin wata rumfa a farfajiya, masu yawon buɗe ido suna wuce shi suna neman ɗakin da aka ajiye aikin Michelangelo. Da Latin aka rubuta. Mubarak ya ɗora wayarsa a kai ta juya mana shi. Ya lissafa duk abin da aka yi wa mutanen biyu, ɗaya bayan ɗaya, da alfahari, sannan ya gargaɗi mutanen kirki su yi nesa da wurin kada la'anannar ƙasar ta ɓata su. A ƙasa ga kwanan wata, ga sunayen manyan da suka jagoranci aikin da muƙamansu. Na duba har layin ƙarshe, babu sunan magatakarda. Namu ba ya hawa dutse.

Da asuba Mubarak ya rako ni tashar Cadorna in hau jirgin ƙasa zuwa Malpensa. Tsohuwar mai gida ta ba shi ƙunshin biskit ya ba ni, wai in kai wa uwarsa. Muna tsaye a bakin layi yana riƙe da akwatina sai ya ce, "Kawu, yaron nan mai kumburarrun ƙafafu, yaya aka ƙare?"

Na ce ba a ƙare ba. An aika fayil ɗinsa neman shawarar lauyoyin gwamnati, bai dawo ba. Duk ranar da aka kawo shi sai a ɗage, wani lokaci ma ba a kawo shi, a ce babu man mota. Ya yi shekara huɗu da wata bakwai a ciki, sai da babban jojin jiha ya kai ziyarar rage cunkoso aka kira sunansa aka ce ya tafi gida.

"To ai an sake shi," in ji Mubarak.

Na ce an sake shi. Ranakun ɗagewar kuma ni na rubuta su a bayan fayil da hannuna, guda 23, na ƙirga su ranar da nake rufe shi. Jirgin ya shigo, ya ɗaga mini akwatin ya ɗora a kan kanta, ya durƙusa ya ce in gaida Umma.